Tukunya Mai Jan Zare

Bodinga.

Zuwa ga Na Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina gaida Inna da duk mutanen gidanmu na Shagari. Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a mota, ya tsare ka a jirgi, ya sauke ka a hannun mutanen kirki.

Ranar kasuwa na zo Shagari da niyyar mu zauna in yi maka magana. Ka dai ga yadda aka yi. Na tambaye ka lafiyar ragon Inna, ka ce yana nan lafiya, na ce Allah ya kiyaye hanya, na hau babur na dawo. Kai ɗan fari ne. Tun da aka yaye ka aka miƙa wa Inna ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da kai ba. Haka muka taras ana yi, haka na yi. To amma makarantar da za ka je ita ce na baro ban daɗe ba, takardar shaidata ma tana cikin ambulan ɗinta har yanzu, kuma gidan da za ka sauka shi ne gidan da na zauna. Idan na yi shiru ka tafi, na cuce ka.

Mutane a nan suna ganin na san Sifaniya. Na san hanyoyin ruwan gonakin lemo da na shinkafa da ke kewaye da Balensiya, domin su aka tura ni in koyo. Ƙasar kanta da mutanenta kuwa kaɗan na sani, kuma laifina ne. Abin da na gani da idona kawai zan rubuta maka. Inda ban tabbata ba zan faɗa.

Abu guda nake jin tsoro. Ranar nan a zaure kawunka ya ce maka bismillah, ka ce ka ƙoshi, alhali Inna ta gaya mini tun safe ko koko ba ka sha ba. Da na ji muryarka sai na ji tawa. Wannan "na ƙoshi" ita ta cinye mini zamana a can.

Tun a hanya ta fara. Daga Madrid jirgin ƙasa ake shiga zuwa Balensiya. Wanda na shiga yana rabuwa gida biyu a wata tasha, wasu taragai su nufi Balensiya, wasu su yi kudu. An faɗa da lasifika, ban gane ba. Na ga mutane suna kwasar kaya suna komawa gaba, raina ya ba ni akwai magana, amma na zauna daram da babbar rigata. Ina ganin malamin gona guda, wanda manoman Danchadi ke miƙewa idan ya iso fadama, bai kamata ya riƙa tare mutane da tikiti a hannu kamar ɓatacce ba. Akwai wani dattijo da matarsa a gabana. Suka kwance ƙunshi, burodi da wainar ƙwai, matar ta miƙo mini. Na dafa ƙirji na girgiza kai. Ta sake miƙowa, na sake ƙi. Da na karɓa, da hira ta shiga, da sun ga tikitina sun tashe ni. Sai da na ga teku a wani gari da ba nawa ba, sannan na nuna wa mai duba tikiti takardata. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya kama kansa da hannu biyu.

Saboda haka, duk tashar da ka shiga, nuna tikitinka ga ma'aikaci, ka kuma nuna wa wanda ke zaune kusa da kai. Ko ka gane, sake tambaya. Ba wanda ya san ɗan wane ne kai a can, ba girman da zai zube. Ban sani ba ko har yanzu jirgin yana rabuwa, amma ka ɗauka yana yi.

Matar gidan da makaranta ta sauke ni sunanta Amparo, ana ce mata Donya Amparo, kamar yadda za mu ce Hajiya wance. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna aiki a wata ƙasa. Gajeriya ce, kullum cikin baƙaƙen kaya, muryarta kuwa ta fi jikinta. Kada ka tsorata idan ka ji tana ɗaga murya, haka suke hira.

Kafin in kai gidanta na riga na ga abin da ya tayar mini da hankali. A kantunansu cinyoyin alade ne busassu rataye a sama jere, kamar yadda muke rataye albasa. Da na shiga ta zaunar da ni a tebur ta kawo kwano, wake ne mai kama da kwaruru, da ganye, da romo ja. Na dubi kwanon. Ka san yadda muke: baƙo ba ya tambayar mai gida abin da ya sa a tukunya. Wanda ya yi haka a Shagari ya zagi gidan, kamar ya ce ana shirin sa masa wani abu. Bakina ya kasa tambaya, zuciyata ta kasa ci. Sai na ce na ƙoshi. Ita ce ma jimlar Sifaniyanci ta farko da na iya sosai.

Washegari haka, jibi haka. Na koma ɗaki ina cin guzurin Inna a ɓoye: kilishi, da ƙuli-ƙuli, da garin hura. Da suka ƙare na koma burodi da kifin gwangwani.

Daddawa da kuka kuwa na tura su ƙasan kabad na rufe da riguna, don kada matar ta ga irin abincinmu ta raina. Ɗakunansu a rufe suke lokacin sanyi, ga laima. Ba a jima ba gidan ya ɗauka. Wata safiya na dawo na tarar da ita durƙushe a ɗakina da tsintsiya da tocila, ta janye gado, tana cewa ɓera ya mutu a wani wuri. Ta kira maƙwabciyarta suka yi ta nema tare. Ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa, har da taya su ɗaga katifa. Daga baya na ɗauki daddawar, wadda Inna ta yi da hannunta, na same ta ta yi hunhuna, na kai ta kwandon shara na bayan layi. Da na ba Inna labari bayan na dawo, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ɓata rai ta ce, "Kai dai wanga mutum! Daddawata ta zan kusu? Mi zai hana ka kaɗa ma matar miya ta sha?"

Gaskiyar Inna ce. Ranar da ka isa, kwance guzurinka a gabanta. Ba ta kilishi ta ɗanɗana, ta shinshina daddawa, ko za ta toshe hanci ku yi dariya. Akwai garin alkama mai tsaki-tsaki a kantunansu da ke yin tuwo daidai gwargwado. Wani abokin karatuna, Idrisu, shi ne ya nuna mini, kuma a makare. Ka sa daddawa cikin kwalba mai murfi, ba cikin tsumma ba. Kilishi kuwa ban tabbata za a bar ka ka shiga da shi ba. Ni ba a buɗe jakata ba, wani ɗan ƙasarmu an karɓe nasa.

Idrisu ɗan Maroko ne, ajinmu ɗaya, ya girme ka kaɗan. Shi kaɗai ne Musulmi a ajin bayan ni. Lokacin hutu shi da wasu ɗalibai suka shirya tafiya kudu, Garnaɗa da Ƙurɗuba. Ya zo har ɗaki ya ce, "Alhaji, tashi mu je ka ga abin da kakanni suka gina." Ban yi aikin hajji ba, rigata ce ta ja mini sunan. Na ce ina da karatu. Ba karatu ba ne. Tunanin inda za a tsaya a ci abinci a hanya ne ya hana ni, kada a ajiye mini kwano cikin mutane. Suka je suka dawo da hotuna.

Da na dawo gida na je gaida Liman. Bai tambaye ni takardar shaida ba, bai tambaye ni hanyoyin ruwa ba. Ya gyara zama ya ce, "To Malamin Gona, ba mu labarin Ƙurɗuba. Tun muna yara muke jin ta cikin littattafai. Masallacin yana nan?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, an ce yana nan."

"An ce? Kai ba ka tahi ba?"

"Ban samu zuwa ba."

Ya ce, "Nisa gare ta ƙwarai kenan."

Na ce, "Yini guda ne a jirgin ƙasa."

Sai ya ɗauki carbinsa. Har yau idan na tuna zaman nan sai kunya ta kama ni. Kai ka je. Ka je ka dawo ka zauna gaban dattijon nan ka ba shi labari tun yana da rai.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

A shekarata ta biyu aka shiga tsuke bakin aljihu a gida. Ku kun gan shi a layin shinkafa da sabulu, mu kuma a can kuɗin abincin da gwamnati ke aiko mana ya riƙa makara, daga baya ya ɗauke. Na bi Idrisu tsinkar lemo a gonaki ranakun da ba karatu. Na rame har wandona ya riƙa zamewa. Donya Amparo ta ga haka. Ta daina kira na tebur, sai ta riƙa ajiye kwano a rufe bakin ƙofar ɗakina, ta ƙwanƙwasa ta tafi. Mayar da abinci ba a taɓa ba cin fuska ne, wannan na sani. Sai na riƙa ɗaukar kwanon in sauka ta matakalar baya in juye wa kyanwoyin layin, in wanke, in mayar mata in ce na gode, ya yi daɗi. Ta ce, "Ya yi daɗi?" In ce ƙwarai. Ina ganin na yi dabara, na tsare addinina na kuma tsare mutuncinta. Ga yunwa ina ji kamar in faɗi, ga ƙamshin abincin a hannuna.

Azumi ya zo cikin bazararsu. Ka shirya wa wannan: rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, ga zafi. Ban gaya mata ina azumi ba, amma ta lura. Daidai faɗuwar rana sai ta ƙwanƙwasa, ta miƙo mini kofin gilashi da wani farin abu mai sanyi, raɓa na bin jikin kofin. Na ga daga shagon da ke sayar da giya take sayo shi. Ban sani ba a lokacin cewa shagunan nan har shayi da madara suna sayarwa. Na karɓa, na rufe ƙofa, na zuba a tukunyar furen da ke taga, na buɗe baki da ruwan famfo.

Saura kaɗan in gama karatu, Idrisu ya zo karɓar littafi. Ta tare shi a ƙasa, na ji suna ta magana a kicin, sun daɗe. Sai ya ƙwala mini kira. Na sauko na same shi tsaye, ita kuma ta juya baya tana goge abin da ba ya bukatar gogewa.

Ya ce, "Alhaji, kyanwoyin unguwar nan sun ce a gaishe ka. Sun ce tun da aka kafa garin ba su taɓa yin ƙiba irin ta bana ba."

Na rasa inda zan sa fuskata. Ashe daga baranda inda take shanya ana ganin bayan gidan sarai. Tun farko tana gani.

Ya buɗe kabad ya ciro wata tukunya, an ɗaura jan zare a hannunta. Ga cokali da wuƙa da faranti, kowanne da jan zare. Ya ce, "Ka san mene ne wannan?"

Na ce a'a.

"Tun ranar da makaranta ta ce mata Musulmi za a kawo, ta je kasuwa ta sayo su sababbi. Mijinta ya yi aikin soja a ƙasarmu, ta san abin da ba mu ci tun kafin a haife ni. Alade bai taɓa shiga tukunyar nan ba, ko kitsensa, ko giya. Kifi take sa maka, da ƙwai, da man zaitun. Ko kaza ba ta sa ba, don ba ta san yadda kuke yanka ba. Kullum girki biyu take yi, nata da naka."

Na ce, a hankali, "Farin abin nan fa na azumi?"

Ya faɗi sunansa da yarensu, orcata. Da ya ga ban gane ba, ya jawo wani gwangwani ya zuba mini abin da ake yin sa da shi a tafin hannu. Na Inna, aya ce. Aya irin wadda ake tallarta a tashar Bodinga. A gonakin da ke bayan makarantarmu ake noma ta, na sha wucewa ta cikinsu ina auna ruwa. Kunun aya matar nan take sayo mini in sha ruwa da shi, ni kuma ina shayar da fure.

Sai ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba, ranar kaɗai na ji ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Na ce a ƙasarmu rashin kunya ne baƙo ya tambayi abin da ke cikin tukunya.

Ta ce, "A ƙasarku ba rashin kunya ba ne a ce wa tsohuwa ya yi daɗi?"

Ta ƙara da cewa ita ma ta yi nata kuskuren. Ta ɗauka ƙyamar hannunta nake yi don ita Kirista ce, shi ya sa ba ta nuna mini tukunyar ba, kada ta zama tana roƙo na.

Kana jin wannan za ka ce daga ranar na zauna na ci. Ban ci ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Kunyar da ta kama ni ta fi ta farko. Na riƙa fita tun ba ta tashi ba, in daɗe a ɗakin karatu. Ita kuma ta daina ajiye kwano. Kowa yana jiran ɗan'uwansa, har ranar tafiya ta zo. A bakin ƙofa ta miƙo mini ƙunshi cikin takarda, na karɓa na yi godiya ina kallon takalmina. Sai da jirgi ya bar gonakin lemo na kwance. Burodi ne, an tsaga shi an sa wainar ƙwai da dankalin turawa da albasa, da sauran ɗuminta. Na yi bismillah na ci. Albasar ta yi laushi ta yi zaƙi kamar tamu ta fadama idan ta ji wuta a hankali. Wannan ne karo na farko da girkinta ya shiga bakina, kuma babu wanda zan ce wa ya yi daɗi. Mutumin da ke gabana ya miƙo mini hankici, ya ɗauka mutuwa aka yi mini.

Ban ce ka saki jiki ka ci duk abin da ka gani ba. Tsoron da na ji yana da tushe. Suna sa alade a inda ba ka zato, cikin wake, cikin romo, kitsensa har cikin wasu kayan zaƙi na bikin Kirsimeti. Riƙe kalmomin nan yadda ake furta su: serdo shi ne alade, hamon ita ce cinyar, coriso tsiren da ake ɗurawa a hanji, manteka kitse, bino giya. Ka tambaya a fili, da fara'a, kafin a zuba. Ba sa jin haushi. Idrisu yana yi a ko'ina, har masu abinci suna kiran sa kicin ya leƙa. Shinkafarsu da ake dafawa a faffaɗan kasko ka nemi ta kifi. Batun naman da suka yanka kuwa ni ba malami ba ne, ka je wurin Liman kafin ka tashi ka ji daga bakinsa. Abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare yana yin nisa, don haka kada ka fita da safe da ciki wayam. Kuɗin gwamnati kada ka dogara da zuwansa kan lokaci, ka ga yadda ƙasar take, damina ma ba ta yi mana kirki ba. Idan ka shiga matsi ka faɗa. Ka faɗa wa malamanka, ka faɗa mata, ka rubuto mini.

Da aka tabbatar da gurbinka na rubuta wa malamin da ya duba aikina, na roƙe shi ya je ya tambaye ta ko za ta karɓe ka. Na ce idan ta ƙi ba ta yi laifi ba. Amsarsa ta iso. Ya ce ta ce a gaya mini ɗakin yana nan, tukunyar ma tana nan.

Ga saƙona. Idan ta ajiye maka kwano, tambaye ta abin da ke ciki ko da ka ga jan zaren, don ta san kai mai tambaya ne. Sannan ka ci a gabanta, a tebur, ka share kwanon da burodi yadda suke yi, ka miƙa a ƙara maka. Mahaifiyarka ta ƙulla aya busasshiya ta gidanmu, direban da ya kawo takardar nan zai ba ka. Ka ba ta, ka ce daga mutumin da ya shayar da fure. Ka ce mata wainar nan ta jirgi ta yi daɗi, kuma wannan karon na ci.

Saura abu ɗaya. Ta sha tambaya ta 'ya'yana. Na lissafa mata ƙannenka da sunayensu, kai kuwa sai in ce "babban yaron". Ta ce ba shi da suna ne? Na yi murmushi na kau da kai. Na tabbata ta haɗa wannan da sauran, ta ɗauka ko sunan ɗana ba na so ya shiga bakinta. Idan ta buɗe ƙofa, kafin ka ajiye jaka, ka faɗa mata sunanka da ƙarfi. Idan ta ce wa ya aiko ka, nuna mata ƙarshen takardar nan. Ba ta jin Hausa, amma za ta iya karanta sunanka da rubutun hannuna.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya tsare maka imaninka da cikinka, ya haɗa ka da abokan arziki, ya buɗe maka baki a inda nawa ya rufe. Allah ya yi maka albarka, Haliru.

Ni ne mahaifinka.